Kwamfutar da Ba a Kashewa

Wata bakwai ke nan da rasuwar Yaya, amma kwamfutarsa ba ta daina numfashi ba. Tana nan a ƙarƙashin teburinsa, baƙa, gefenta ɗaya ya ɗan lotse, fankarta na huci ba hutu. A jikinta akwai takardar da ya manna, da rubutunsa mai kwantawa hagu: KADA A KASHE. Inna ta riƙe wannan takarda kamar wasiyya. Kullum da safe takan shiga ta goge teburin, ta bi da tsintsiya ta gefen wayoyi a hankali kamar mai gudun tashin jariri, sannan ta fito ta ja ƙofa. In aka ɗauke wuta, manyan batura biyu da ya jera a bayan ƙofa su ke riƙe kwamfutar har a dawo da ita.

Auta, ƙanwarsa, ba ta son shiga ɗakin. Bango ɗaya ne tsakaninsa da nata, kuma in ta zauna karatu takan ji hucin ta cikin bangon. Wani lokaci faifan ajiyar ya yi ƙas-ƙas-ƙas ya tsaya, daidai yadda Yaya ke yi in ya rubuta layi ɗaya ya tsaya tunani. Sai ta ga ta karanta shafi guda sau uku ba ta san me ya ce ba.

Abin da ke cikin kwamfutar kuwa kowa a gidan ya sani. Shekarun baya rufi ya yi yoyo a kan akwatin hotunansu. Yaya ya shanya su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke su a na'ura ya zuba a ciki, daga baya takardun suka manne da juna suka ruɓe aka zubar. Baba ya rasu Auta na da shekara uku. Fuskarsa yanzu babu ita a ko'ina sai a cikin wannan baƙin akwati.

Ranar Talata aka manna sanarwa a bakin layi: za a canja wayoyin wuta, ranar Alhamis babu wuta daga takwas na safe har yamma. Auta ta karanta sau biyu, ta koma gida ta kira Dogo, abokin Yaya tun suna makaranta, wanda su biyun suka sha kwance kwamfutocin mutane su kasa mayarwa.

Da ta gaya masa sai ya tambaye ta.

“Auta, batiran nan awa nawa suke riƙewa yanzu?”

“Biyu. Wani lokaci ba su kaiwa.”

“To ki saurara. Yayanki ya kulle faifan nan. Muddin tana kunne, a buɗe take, kamar gidan da mai shi ya fita bai ja ƙofa ba. In ta mutu sau ɗaya, ba ta sake buɗewa sai da kalmar sirrinsa.”

“Kai ba ka san ta ba, Yaya Dogo?”

“Ni? Mutumin da in zai shigar da ita sai ya ce in juya in kalli bango?”

Aiki ya kai shi wani gari, ba zai iso ba sai safiyar Alhamis. Ya ce kada kowa ya taɓa komai.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya fara zuwa ranar, da ƙaramin injin wuta a bayan mota. Ya sauke shi a tsakar gida ya naɗe hannun riga, ya ja igiya, injin ya yi tari ya yi shiru. A ja na tara igiyar ta tsinke ta bar masa mariƙin a hannu. Ya dube shi, ya sa a aljihu, ya ce dama man da ake sayarwa yanzu ba na kirki ba ne.

Dogo ya iso takwas saura kwata, idonsa ja saboda hanya, da sabon faifai a jaka. Ya gaida Inna a durƙushe. Ita ta buɗe masa ɗakin da kanta amma ba ta shiga ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

Bai zauna a kujerar Yaya ba. Ya jawo ƙaramin benci, ya taɓa madannai, allon ya farka. Baƙin shafi ne da fararen haruffa, kuma a can ƙasa akwai layin da aka fara rubutawa ba a ƙarasa ba, ɗan sandan haske na ƙiftawa a ƙarshensa yana jiran harafi na gaba. Wata bakwai yana jira. Dogo ya daɗe yana kallon layin, sannan ya buɗe wani shafin a gefe, ya bar wancan yadda yake.

Yaya mutum ne mai jera abu da lamba, har takalmansa. Foldojin suka fito a jere: ta ɗaya Manhajoji, ta biyu Littattafai, ta uku Aiki, haka har ta takwas, Hotunan Gida. Ta tara, ta ƙarshe, an rubuta Auta.

Ta matso. Ba ta taɓa sanin da ita ba.

“Duka za mu kwashe,” in ji Dogo yana haɗa faifan. “A aikin nan ba a zaɓe. Mai zaɓe shi ke barin abin da zai zo yana kuka a kansa. Haka ni da shi muka koya.”

Ya buga umarni, sunaye suka fara gudu a allo. Ƙarfe takwas daidai fankar rufi ta rage gudu ta tsaya. Batiran suka yi ƙara ɗaya suka ɗauka. Fitilu huɗu koraye suka kunnu a jikin akwatinsu.

Kawu ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya jingina da bango.

“Ni fa wannan wahalar ce ban gane ba. Wayata ta faɗa ruwa bara, na sayi wata, na sa sunana, komai ya dawo har hoton da ban so ya dawo ba. Kamfani na ajiye maka kyauta, kai ka ce sai ka ajiye a ƙarƙashin tebur.”

“Kawu, a gidan wani ka ajiye ke nan. Yana kallon kayanka, yana sayar da labarinka, ran da ya ga dama ya canja ƙa'ida.”

“Labarina? Wa zai sayi labarina? Matata ma kyauta nake ba ta, ba ta saurara.”

“Ai shi ya sa suke son irinku.”

“Irinmu. To ku masu ilimi, ku da ba ku yarda da kowa ba, ga inda kuka kai mu. Ni da ina da iko doka zan kafa: duk mai kulle abu ya bar wa iyalinsa makulli a hannun hukuma. Ya mutu, a miƙa musu.”

“Makullin da aka ajiye wa iyali, ɓarawo ma hannu gare shi. In akwai ƙofar baya, Kawu, ba ta tambayar sunan mai shigowa.”

“Ji shi. Kai ɗan nan, da bakin marigayi kake magana, har yadda yake ɗaga yatsa. To shi da ba shi da ƙofar baya, ai ga shi ya rufe ta gaban ya tafi da makullin.”

Inna na nan a bakin ƙofa. Kawu ya sunkuyar da kai yana naɗe tsumman, amma bayan ɗan lokaci Dogo ya ce ai manhajar da kowa ke iya duba cikinta ta fi amana, Kawu ya ce shi bai taɓa duba cikin motarsa ba kuma tana kai shi inda za shi, suka ci gaba. Auta ta lura su biyun ba sa kallon kujerar. Ta gane musun ne ke riƙe su.

Ita allon take kallo, don ba ta iya ganin rubutu ba ta karanta ba. Fitila ɗaya ta mutu. Sunayen na wucewa, dogaye, cike da lambobi, babu wanda ta gane. Ta biyu ta mutu. Amma farkon kowane layi iri ɗaya ne, kuma ya daɗe bai canja ba. Ta buɗe baki ta rufe, don kada ta yi tambayar wauta a gaban manya. Sai da ta ƙirga layi ashirin sannan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Yaya Dogo, har yanzu fa ta ɗaya ce.”

“Me?”

“Foldar. Ba ta wuce ta ɗaya ba.”

Ya juyo. Ta ga fuskarsa ta sauya tun kafin ya gama karantawa. Ya duba girman foldar, ya dafe kai da hannu biyu.

“Mene ne?” in ji Kawu.

“Manhajoji ne. Tsofaffi, kowace fitowa tun muna makaranta, ba ya zubar da ko ɗaya. Sun fi rabin faifan.” Ya nuna allon. “Duk suna intanet, kyauta, kowa na iya saukewa.”

Awa ɗaya da minti goma sun tafi a kansu. Kawu ya buɗe baki, ya dubi Inna, ya fasa. Fitila ta uku ta mutu, akwatin batiran ya fara ƙara, ɗaya bayan kowane numfashi biyu.

Dogo ya tsayar da aikin. Sau biyu yana kuskuren harafi.

“Minti ashirin, in mun yi sa'a. Faifan ya tsufa, ba ya sauri. Hotunan za su ci sha biyar.” Ya yi magana ƙasa yadda Inna ba za ta ji ba. “Foldarki ma kusan haka. Ba za su shiga duka ba, Auta.”

“Me ke cikin tawa?”

Ya buɗe jerin. Bidiyo ne, talatin da ɗaya, ba su da suna sai kwanan wata. Na farkon ya yi daidai da makon da likita ya fara kiran Inna gefe. Na ƙarshen kwana huɗu kafin a kai shi asibiti bai dawo ba. A watannin nan kullum yana rufe ƙofa ya ce aiki yake, ita kuma tana jin haushi, har ta taɓa ce masa ya auri kwamfutar ya huta.

Ta waiwaya. Inna ta riƙe gefen ƙofa, tana kallon allon da ba ta iya karantawa, bakinta na motsi.

“A fara da hotuna,” in ji Auta.

“Kin tabbata?”

“Ka danna mana, Yaya Dogo.”

Ya danna. Wannan karon babu mai musu. Sunayen da ke wucewa na mutane ne: Baba a bakin shago, Baba da keke, Inna da jariri, Auta ta fara tafiya. Yaya ne ya raɗa wa kowane hoto suna, kuma karanta su kamar jin sa ne yana nuna mata da yatsa. Ƙarar batiran ta ƙara sauri. Auta ta matse hannuwanta tsakanin gwiwoyi tana ƙirge, ta ɓata lissafi, ta sake farawa.

Hotunan suka ƙare a minti na sha shida. Dogo bai tambaye ta ba, ya zaɓi bidiyon ƙarshe ya tura. Layin cikawa ya fara tafiya, kashi goma, kashi ashirin. Fitilar ƙarshe ta koma ja. Kashi talatin da huɗu.

Allon ya yi baƙi. Fankar kwamfutar ta juya, ta juya, ta tsaya.

Daga waje ana jin ma'aikatan wuta na kiran juna a kan sanda. Inna ce ta fara motsi, ta juya ta koma falo, Kawu ya bi ta.

Dogo ya ciro tasa kwamfutar ta hannu daga jaka ya haɗa faifan. Hotunan na nan, dubu ɗaya da wani abu. Ya ce guntun bidiyon mai yiwuwa ba zai buɗe ba, irinsu in ba su cika ba sukan ƙi. Ya gwada manhaja ɗaya ta ƙi, ya gwada wata.

Ɗakin nan ne ya fito, da hasken rana irin na yanzu. Kujerar babu kowa. Ana jin Yaya a gefe inda ba a ganinsa, yana jan aljihun tebur yana neman wani abu, yana tari, yana mita ƙasa-ƙasa. Can nesa wata murya na karanta littafi da ƙarfi, tana tuntuɓe a kan wata kalma tana maimaitawa, sai da Auta ta saurara sosai ta gane tata ce. Yaya ya yi 'yar dariya. “Ji ta,” ya ce, ba da kowa ba. Sannan kafaɗarsa ta shigo, hannunsa ya kama bayan kujerar ya ja, hoton ya daskare a nan.

Dogo ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Auta ta karɓi kwamfutar ta kai falo, ta ɗora wa Inna a cinya, ta buɗe hoton farko. Wani siririn mutum ne a bakin shago, ya kare rana da hannu, tabon ruwa ya ci gefen rigarsa. Inna ta kai yatsa ta taɓa allon, hoton ya gusa, ta janye hannu da sauri. Auta ta dawo mata da shi.

“Komai ya fito dai?” Inna ta tambaya ba ta ɗago ba.

Dogo na tsaye a bakin falon. Auta ba ta dube shi ba.

“Komai ya fito, Inna,” ta ce, ta matsa hoto na gaba.