Feshin Auta

Ni na kawo Auta, ƙanin mijina, wurin aikinmu, kuma har gobe ina jin haushin ƙafar da ta kai ni ofishin shugaban sashe neman masa alfarma. Aikinmu kwaikwayon feshin dizal ne a kwamfuta, yadda mai yake fita daga bakin nozil, wato ɗan bututun feshi, ya shiga silindar inji mai zafi da matsi. Babbar kwamfutar guda ce, a wani ɗaki mai sanyi kamar firiji, kowa layi yake bi. Kujerar aikin dindindin ma guda ce, za a ba wanda sakamakonsa ya gamsar a taron ƙarshen shekara.

Aikina ya yi makonni yana tafiya, saura ƙiris ya kammala, sai na shigo da safe na tarar an kashe shi. Na Auta ne ke gudu a gurbinsa.

"Haba matar Yaya, hannuna ne ya goce," in ji shi, yana taunar cingam.

A gida surukata ta ce, "Yaro ne, ki yi haƙuri." Yaro da gemu har ƙirji! Mijina kuwa ya duƙufa kan kwanon abincinsa kamar ba da ƙaninsa ake ba.

Ban yi haƙuri ba. Washegari na buɗe aikin Auta da niyyar in kashe shi, ya ji abin da na ji. Yatsana na kan maɓalli sai idona ya faɗa kan lissafin da yake amfani da shi. Nawa ne. Tsohon lissafina, wanda na jefa a wata jaka ta cikin kwamfutar da na sa wa suna shara. Lissafin yana ɗaukar mai da iska kamar masu ladabi, kowa da iyakarsa, alhali a matsin injin na gaske mai ba ya tsayawa ɗigo-ɗigo, narkewa yake cikin iska kamar hayaƙi. Sai da na sha wuya kafin na gane haka. Shi kuwa ya shiga jakata ba sallama, ya kwashi abin da ya ga dama.

Na janye yatsana. Da layi ya sake zagayowa kaina, na je har teburinsa.

"Auta, ɗauki gurbina ka ƙarasa, kar taro ya riske ka."

"Matar Yaya! Allah ya bar mana ke."

"Amin," na ce, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Ranar taro Auta ya sha kwat, ya haska bidiyonsa a bango. Gaskiya ya yi kyau. Ɗigon mai jajaye da shuɗɗa suna watsuwa kamar ana ban ruwan fulawa, har wasu suka tafa. Shugaba bai tafa ba. Ya ɗora hoton da kyamara ta ɗauka a injin gwaji kusa da na Auta. Babu ɗigo ko ɗaya a ciki, hayaƙi ne zalla. Ni ma na nuna guntun da ya tsira daga aikina, ya zauna daidai kan hoton kyamarar.

Shugaba ya cire tabarau. "Wannan lissafin, wa ya rubuta shi?"

Auta ya waiwayo ni. In ya ce nawa ne, ya zama ɓarawo. In ya ce nasa ne, ya zama jahili. Na gyara mayafina na ƙyale shi ya zaɓa da kansa.

"Ni ne, ranka ya daɗe," ya ce, murya can ƙasa.

Kujera ta zama tawa. Da yamma na tarar da surukata a falo, ido ya yi ja, tana cewa an zalunci autanta, yaron da ya yi ta wahala. Na durƙusa na gaishe ta, na zuba mata ruwa mai sanyi a kofi.

"Yaro ne, Mama," na ce. "Ki yi haƙuri."