Sunan da Na Ƙi Rubutawa da Biro

Shekara ashirin da uku ina rubuta sunayen 'ya'yan mutane. Teburina yana ƙarƙashin matakalar asibitin haihuwa, tsakanin ɗakin ajiye tsintsiya da tagar karɓar kati. Duk jaririn da aka haifa a saman kaina, sai ubansa ya sauko da 'yar takarda daga hannun nas, in shigar da sunan a babban littafi, in ba shi takardar haihuwa. Iyakar aikin ke nan. Amma da yake Allah ya yi ni da shisshigi, na ƙara wa kaina wani da ba wanda ya sa ni.

Ba na fara rubuta suna da biro, da fensir nake farawa. Sai in kira shi sau uku a gaban uban: da muryar malamin aji, da muryar uwa tana ƙwala kira daga bakin ƙofa, sannan da muryar 'yan tsokana a filin makaranta. In suna ya tsallake ukun nan lafiya, sai in ɗauki biro. Na ceci yara da dama. Akwai wanda ya zo zai sa wa ɗansa sunan maganin da ya raba shi da basir, wai don godiya. Ina rera masa shi da murya ta uku, ya karɓi abin gogewa ya goge da hannunsa.

Sai ga abin ya biyo ni har gida.

Autata ta haihu a wata bakwai. Cikinta na huɗu ke nan, ukun baya duk sun zube. Mace ta haifa, ba ta kai nauyin littafin rajistata ba, aka sa ta a kwalba a hawa na biyu. Ranar kwana na huɗu mijin Auta, wanda duk gidanmu Tela muke ce masa saboda sana'arsa, ya sauko yana sosa ƙeya.

"Baba, ga shi. Ita ta zaɓa."

Na gyara tabarau. Na cire, na goge da bakin riga, na mayar. Rubutun bai canja ba.

"Ƙorama?"

"Ƙorama, Baba."

"Ta bayan kasuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

A garinmu in aka ce Ƙorama, ba wanda ke tuna ruwa mai sanyi tsakanin duwatsu. Babbar kwata ce da ta ratsa bayan kasuwa, ta bi ta wurin mahauta, ta zo ta goga jikin katangar asibitin nan. An ce a da ana shan ruwanta. Yanzu leda ce da mushen kaji. Direba yakan ɗaga gilashi tun kafin ya iso gada. In wani ya saki tusa a aji, tambayar da ake yi ita ce, "Wa ya kawo mana Ƙorama?"

"Kai ba ka yi mata magana ba?"

"Na yi, Baba. Ta ce in je in haifo tawa, in sa mata sunan da nake so."

Ko gwajin murya ban yi ba, don ba bukata. Na rubuta da fensir, na ce ya je, takarda sai an buga hatimi. Hatimin kuwa yana gabana, shi ma yana ganinsa.

Da na koma gida na zazzage wa maiɗakina duka. Na lissafa mata waƙoƙin da za a yi wa yarinyar, har na rera mata biyu da na shirya da kaina a hanya, don ta ga girman haɗarin. Tana guga ne, ba ta ɗago ba.

"Kai da kake da suna mai kyau, wa ke kiranka da shi? Ko ni sai na duba katin asibiti nake tunawa. Malam Rajista, Malam Rajista."

"Wannan daban."

"Ka hau ka ga jikar taka?"

"Aiki ya yi yawa."

"Matakala ashirin da biyu ce. Na ƙirga su da gwiwar nan tawa mai ciwo."

Gaskiyar ita ce tunda na fara aiki ban taɓa hawa ɗakin kwalba ba. A aljihun teburina na ƙasa akwai wani ƙaramin littafi mai baƙin bango, na waɗanda ba su koma gida ba. Shi ma ni nake cika shi. Na sha rubuta suna a babba ranar Litinin, in sake rubuta shi a ƙarami ranar Alhamis. Shi ya sa sunayen 'yan kwalba sukan daɗe a fensir a wurina. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ni kaina ban cika gaya wa kaina ba.

Washegari da hantsi, iyaye maza huɗu suna kan benci suna jira, sai na ji takun silifas a saman kaina, a hankali, mataki ɗaya sai hutu. Auta ce, da rigar asibiti, hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗaya dafe da ɗinkinta.

"Abba, ina takardar 'yata?"

"Ke wa ya ce ki sauko? Zauna. Malam, matsa mata."

"Ba zama na zo yi ba."

Na rage murya. Na ce mata suna riga ce da ba a tuɓewa, yarinya za ta shiga makaranta, za ta nemi aiki, wata rana wani zai zo neman aurenta abokansa suna toshe hanci. Na yi bayani mai kyau, har na ga ɗaya daga cikin masu jira yana gyaɗa kai.

Ta ja littafin ta juyo shi wajenta, abin da ko shugaban asibiti ba ya yi. Ta bi shafin da yatsa. Suna goma sha ɗaya da biro, biyu da fensir. Ta san na biyun, gadon uwarsa yana kusa da nata, shi ma ɗan kwalba ne, sunansa kuwa irin wanda kowane gida akwai shi.

"Wannan kuma me za a tsokane shi da shi?"

Na ɗauki fensir na mayar da shi cikin kofi.

"Abba, sunan ne ya dame ka, ko biron?"

Mai gyaɗa kai ya daina gyaɗawa, ya koma duba takalminsa.

"Ƙarfe goma likita za ta duba zuciyarta," in ji Auta. "Tashi mu je. Riƙe ni, kada in faɗi."

Ni na riƙe ta, amma wallahi ban san wa ya kai wani ba.

A bakin ɗakin nas ta sa na wanke hannu har gwiwa, ta saka mini koriyar riga ta baya, ta ɗaure kamar ana shirya yaro. Ciki da ɗumi, shiru, sai ƙananan na'urori suna ƙyaf-ƙyaf. Akwatunan gilashi shida. Auta ta tsaya a na huɗu.

Na ɗauka zan ga abin tausayi. Abin da na gani mutum ne cikakke, an dai yi shi ƙarami. Ƙirjinta bai wuce akwatin ashana ba, yana hawa yana sauka. Fatarta siririya, har ana hango jijiyoyi kamar shuɗin zare. Na sunkuya na duba hannunta, sai ga farce. Farce biyar, kowanne da ɗan farin bakinsa, ba a manta ko ɗaya ba. Wanda ya yi wannan aikin bai yi gaggawa ba, ko da ita ta yi.

Likita ta zo da wani abu kamar marfin hatimina, ta shafa masa mai, ta zura hannu ta ƙofar gilashin ta ɗora a ƙirjin. A allon na'ura hazo kawai nake gani, sai ta nuna mini da ɗan yatsa. Wani abu kamar ƙwallon dabino yana buɗewa yana rufewa.

"Kakanta ne?" ta tambayi Auta. "To Baba, saurara."

Ta murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da ƙarar ruwa.

Ruwa ne sosai, mai gudu, irin wanda ke sauka daga tudu bayan an ɗauke ruwan sama, yana tahowa yana ja baya yana sake tahowa. Na waiga ina neman famfon da aka bari a buɗe. Likita ta yi dariya ta ce jini ne ke bi ta zuciya. Duk jinin jikinta, in ji ta, bai cika kofin shayi ba. Rabin kofin shayi, yana wannan ruri!

"Sau uku ana ɗora mini na'urar nan a ciki," in ji Auta, idonta a kan gilashin. "Sau uku ba a jin komai. Sai likita ya juya allon ya ce in kira mijina. A na huɗu na rufe ido ina jiran a ce in kira Tela, sai na ji wannan. Tun ranar nake kiranta da sunan. Wata uku tana amsa mini da ƙafa."

Na gyara murya, don mutum ba ya sakin sana'arsa haka kawai.

"Auta, za su tsokane ta fa."

"Na sani."

"Ba kaɗan ba. Ni kaina na yi waƙa biyu."

Ta fara dariya, ɗinkin ya hana ta, ta dafe ciki.

"Abba, Allah ya nuna mini ranar da za ta shigo gida da jakar makaranta, tana kuka an tsokane ta. Wallahi ranar sai na yi rawa a tsakar gida kafin in rarrashe ta."

Likita ta kashe ƙarar. Ni kuwa ban daina ji ba.

Na leƙa waje, na ga Tela a jikin ƙofa yana murza hula. Na miƙa masa makulli, na ce ya sauka ya ɗauko mini babban littafi da hatimi da biron da ke cikin kofi.

"Baba, mutane suna jira a ƙasa."

"Su jira. 'Ya'yansu ba gudu za su yi ba."

Nas ta ce littafi ba ya shiga ɗakin, ƙura gare shi, don haka a kan teburinta na bakin ƙofa na buɗe shi. Na bi kan fensir ɗin da biro, harafi bayan harafi. A na ƙarshe tawada ta ɗan zarce layi. Na bi kan sunan yaron maƙwabciyar Auta shi ma. Na cika takarda, na buga hatimi, na miƙa wa uwar da hannu biyu.

Ina rufe littafi nas ta fito da allonta tana murmushi, ta ce an auna, Ƙorama ta ƙara giram talatin daga jiya.

"Nawa ke nan a hausar mutane?"

"Kamar cokali biyu na sukari, Baba."

Na sake wanke hannu har gwiwa, na koma gaban akwati na huɗu. Na daɗe a tsaye ina dubanta daga kai har tafin ƙafa, ina neman inda ta ajiye cokali biyun nan.