Garin da Ya Kwanta a Gindin Kwalba

Inna ta fito riƙe da kwalbar da hannu biyu, a tsaye, tana taka ƙasa a hankali. Mai mota ya tsaya mata, ta ce ya wuce. Mota jijjiga gare ta, ita kuwa yau abu ɗaya take tsoro, kada kwalbar nan ta girgizu.

Maganin jikarta ne. Yarinyar shekararta huɗu, tana da farfaɗiya, ba ta iya haɗiyar ƙwaya, shi ya sa mai kemis na bakin titi yake niƙa ƙwayoyin a ɗakin baya ya haɗa mata na ruwa. Inna ce mai bayarwa, safe da yamma, sirinji zuwa layi na biyu. Shekara talatin ta yi tana dafa sabulu. Karatu ne ba ta yi ba, amma awo babu mai koya mata.

A wannan watan kwalba biyu ya ba ta rana ɗaya. Da aka fara ta farko, ciwon ya dawo kamar ba a shan komai. Da ta kusa ƙarewa kuma, yarinyar ta kwanta barci, aka yi ta tashinta ba ta farka ba sai bayan kwana biyu a asibiti. Likita ya ce magani ya yi yawa a jininta. Uban yarinyar, ɗan Inna na cikinta, ya ɗauke sirinjin ya sa a aljihu.

"Inna, ki huta. Idonki ba kamar da ba ne."

"Idon da ya raine ka?"

Ya juya ya fita da sirinjin. Wannan ya fi mata zagi ciwo.

Sai da ta sauko da kwalba ta biyu, wadda ba a buɗe ba, ta ga abin: sama ruwa garai, ƙasa farin gari ya kwanta. Ta je kemis.

"Ai ana girgizawa, Iya. Kowa ya sani."

"Ka faɗa mini? Na baya kauri gare su, ba sa kwanciya. Wannan ruwan sukari ne. Me ka rage?"

Ya juya wurin mai sayen man shafawa.

Shi ne ta nufi ofishin masu duba magunguna da ƙafa. Mai gadi ya dube ta ya yi dariya.

"Iya, jariri kika ɗauko?"

"Abin da ya kusa kashe jariri. Matsa."

A hawa na biyu, wata jami'a mai tabarau ta turo mata takarda ta ce ta cike.

"'Yar nan, da na iya cikewa, da ni ce a kujerarki. Tashi ki zo taga."

Jami'ar ta tashi. Inna ta ɗaga kwalbar ga haske.

"Irin na saman nan muka sha mako guda a kwalbar farko, ruwa ne. Na ƙasan nan muka sha daga baya, guba ce. Awona bai motsa ba. Karanta mini takardar jikinta, an ce a girgiza?"

Jami'ar ta karanta sau biyu.

"Babu. Ko ranar haɗawa babu."

"To rubuta. An ce ni na kusa kashe jikata."

Jami'ar da kanta ta cike takardar, Inna ta dangwala yatsa. Washegari suka shiga ɗakin bayan kemis ɗin tare. Ɗan turmin niƙa ne a gefen butar shayi. Jami'ar ta nemi littafin da ake rubuta abin da aka haɗa, babu. Ta nemi ruwan kaurin da ke hana garin kwanciya, mai kemis ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙare tun watan jiya. Ta sa wa ƙofar kwaɗo, ta ce duk mai shan haɗinsa ya koma karɓa a asibiti har sai an gama bincike.

Da yamma ɗan Inna ya shigo ɗakinta ɗauke da yarinyar da sabuwar kwalba daga asibiti. Ya daɗe a durƙushe kafin ya zaro sirinjin ya miƙa.

Inna ba ta dube shi ba. Ta ɗaga kwalbar ga taga, ta girgiza ta sosai, ta ja zuwa layi na biyu.

"Buɗe baki, uwata," ta ce da yarinyar.