Kowa Ya Ba Daddoya Ruwa

"Wa ya sake zuba mata ruwa?" na tambaya, yatsana a nutse cikin caɓin gwangwanin.

Tela, maƙwabcinmu, ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Ai ita ta roƙe ni."

"Ni ma ta roƙe ni," in ji matar direba.

Ashe duk wanda ya je asibiti duba Goggo, tsohuwar maƙwabciyarmu, sai ta riƙe hannunsa ta ce, "Kada a bar min daddoya da ƙishirwa." Kowa ya ɗauka shi kaɗai aka ba amana. Daddoyar kuwa a tsofaffin gwangwanayen fenti take, masu huji a gindi. In hujin ya toshe, ita ke binsa da ƙusa tana buɗewa. Wa ya taɓa kula?

Marigayi mijinta, Malam, shi ne ya shuka ta farko, ita kuma ta yi ta karya reshe tana dasawa. Ba ɗa, ba jika, sai wannan ganye. Mura ko kumburin ciki, wurinta muke zuwa, ta tsinko mana tana mita: "Ba kwa shukawa, sai ci kamar awaki."

Yanzu ganyen ya zube, saiwar ta yi baƙi tana wari. Na duba gwangwanayen kaf, ko reshe ɗaya babu na dasawa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da likita ya ce a mai da Goggo gida, sai muka gane. Tana kwanciya ta ce, "'Yar nan, dafa min daddoyar Malam." Na ruga kasuwa na sayo, na dafa, na tallafo kanta. Ta shinshina kofin, ba ta kurɓa ba.

"Wannan baƙuwa ce. Buɗe min taga."

"Goggo, akwai iska."

"Buɗe dai."

Na buɗe. Ta daɗe tana kallon busassun karan da ke tsaye cikin ruwa.

"Kun dai ba ta ruwa," ta ce a hankali. "Allah ya yi muku albarka."

Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta kai yamma ba.

Washegari na iske Tela tsugune a tsakar gidan da ƙusa a hannu, yana bin gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Baƙin ruwa na tsiyayowa, yana gangarawa kan siminti.