Juye Kafin Hanyar Bogoro

Duk wanda ya zauna a layinsu a Gwallameji ya san Job da abu biyu, bakinsa da tsohuwar motarsa Fijo. Bakin ya tafi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin famfo farkon damina, ya kwashe masa hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da magana. Mutumin da ya ƙare aikinsa yana tuƙa manyan ma'aikatar gona, yana zuba musu labari har su manta inda za su, yanzu in ya buɗe baki sai gurnani da yawu. Kansa kuwa garau yake, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Yana jin komai, yana gane komai, kalmar tana zuwa har bakin harshe ta tsaya cak. An taɓa ba shi biro a hannun hagu, ya zana abin da shi kansa bai gane ba.

Fijo kam tana nan a tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro.

Ranar Juma'a da yamma ƙanwarsa Dorothy ta bugo waya daga ƙauyensu na bayan Bogoro. Jikin Mama ya yi tsanani, ta daina cin abinci, ba ta kiran sunan kowa sai na Job. Matarsa Matta ta kara masa wayar a kunne, ya ji muryar tsohuwar can ƙasa-ƙasa tana cewa a gaya masa ya zo ta gan shi. Motar haya ba zancen yi ba ne, inda ake cusa mutane kamar buhunan masara, mai rabin jiki ina zai sa kansa?

Matta ta goge masa baki da gefen zaninta ta ce, "Gobe za mu tafi, Baban Treasure. Ni zan tuƙa. Kafin la'asar kana gaban Mama."

Ta iya tuƙi, shi ya koya mata, da faɗa da tsaki, kuma ita ke kai shi asibiti tun da ya kwanta. Sai dai Job yana da doka, gidan kowa ya haddace ta: Fijo ba ta hawa hanyar ƙauye sai an yi mata juye, an zubar da tsohon baƙin mai, an sa sabo, an canja filta. Kuma bakanike ba ya taɓa ta. A bakin Job duk bakaniken Bauchi ɓarawon noti ne, in bai sace ba ya ɗaure shi a karkace. Shi yake yi da kansa, ranar Asabar da safe, kwance a kan kwali. Aikin Matta a duk shekarun nan shi ne ta tura masa robar tarar mai, ta miƙa sifana, ta kawo tsumma. In ta tambayi wani abu sai ya ce daga ƙarƙashin mota, "Ke dai miƙo sifana, Maman Treasure."

Washegari da sassafe ta turo kekensa bakin baranda, ta gyara masa matashi, ta juya shi yana fuskantar mota. Sai ya gan ta da tsohuwar rigar aikinsa, ta naɗe hannu, ga galan ɗin mai da sabuwar filta da ta sayo a wajen masu kayan mota na Wunti.

Ta yi dariya ta ce, "Kar ka kalle ni haka. Ban kira kowa ba. Yadda kake yi haka zan yi, kai kuma ka zauna ka zama oga."

Wallahi ya ji daɗi. Zuciyarsa ta yi fari irin yadda ba ta yi ba tun damina. Ta tada mota ta bar inji ya ɗan yi ɗumi, kamar yadda yake yi. Ta kashe, ta sa dutse a bayan taya, ta shimfiɗa kwali. Ashe duk miƙon sifanar nan idonta na kansa.

A simintin tsakar gidan akwai wani baƙin tabo, faɗin faifai, inda mai ya yi ta ɗiga shekara da shekaru duk lokacin juye. Matta ta durƙusa ta leƙa, ta nemo tabon, ta tura roba ta zauna daidai a kansa, yadda ta saba tura masa. Sannan ta kwanta ta shige, ta ɗaga ido, ta ga noti a saman robar, ta kafa masa sifana.

Nan murmushin Job ya mutu.

Da can akwai wani dutse da ya ajiye a gaba, kullum sai tayar gaba ta taɓa shi yake kashe mota. Shi ya sa ƙasan inji ke faɗawa daidai kan tabon. Makon da ya faɗi, matan coci da suka zo dafa wa masu dubiya abinci suka ɗauke dutsen suka yi murhu da shi, ba wanda ya mayar. Tun daga nan Matta take shigar da motar gaba kaɗan, don ta sami inuwar mangwaro sosai. Inji ya wuce tabon. Abin da ke saman robar yanzu akwatin giya ne.

Ya yi gurnani.

"Na ji, na ji," in ji ta daga ƙasa. "Hagu ake kwancewa, na sani."

Ya buga hannun keken da hagunsa. Ya sake bugawa. Notin ya saki, mai ya fara zuba, warinsa ya iso baranda, mai kauri, mai hawa kai kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ko idonsa a rufe Job ya san warin man giya. Shi da hannunsa ya zuba shi bara.

Ba a jima ba man ya daina zuba. Matta ta jawo robar ta duba, ta kama haɓa.

"Kai, Baban Treasure, dubi ɗan abin da ya fito. Ashe motar nan ta shanye manta ƙarƙaf muna ta yawo da ita. Allah ne ya tsare mu."

Ya girgiza kai da ƙarfi har wuyansa ya yi ƙara. Ya nuna ƙarƙashin motar, ya tura yatsa gaba, gaba. Ta bi yatsan da ido, ya kai ta ga filta da ke kan bonet.

"Ina zuwa kanta, haba. Sai na ɗaure noti tukuna. Kai da gaggawa."

Ta ɗaure notin tsaf, akwatin giya ya koma a rufe, ba ko ɗigo a ciki. Ta buɗe bonet ta kwance tsohuwar filta da tsumma, ta dangwali sabon mai da yatsa ta shafa a bakin robar sabuwar, ta ɗaura da hannu ba da ƙarfe ba. Ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Wannan ya ƙara ƙona masa rai, don komai nata daidai ne in ban da abu ɗaya. Ta sa mazurari ta juye galan ɗin duka a inji, a kan tsohon man da bai je ko'ina ba.

Job ya tattara duk abin da ya rage masa. Giya. Kalma ce 'yar ƙarama, ya faɗe ta a rayuwarsa fiye da sunan 'yarsa. Ya matse ido, ya tura harshe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin da ya fito kuka ne irin na ɗan akuya, yawu ya biyo baya har kan riga.

Matta ta ajiye galan ta zo da sauri. Likita ya gaya mata masu wannan ciwon sukan tayar da hankali haka kawai, kada a bari jini ya hau. Ta ba shi ruwa, ta shafa masa ƙirji da bayan hannu don tafinta duk mai ne.

"Mama ce a ranka, na sani. Za ka gan ta yau. Kwantar da hankalinka."

Ya kama rigarta ya ja ta wajen motar, ya nuna cikin inji, wajen siririn ƙarfen da ake zarowa a auna mai. Wannan karon ta gane. Zuciyarsa ta buga. Ta zaro ƙarfen, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa, ta ɗaga shi a rana. Mai ya haye layin sama ya wuce can nesa, kuma baƙi ne, ba ruwan zuma irin na sabo ba. Ko makaho ya shafa ya san da magana. Amma wa ya taɓa nuna mata abin da layukan ke nufi?

Ta kawo masa har gaban hanci tana murmushi. "Ka gani? Ya cika har ya yi yawa ma. Ba za mu rasa mai a hanya ba."

Da hantsi maƙwabcinsu Tunji, mai shagon fenti, ya shigo taya ta ɗaukar Job. Job ya kafe shi da ido, ya nuna masa robar da ke gefen katanga. Tunji namiji ne, yana da mota, ko da wari zai gane. Tunji ya leƙa robar daga tsaye ya tafa hannu, ya yi magana da gurguwar Hausarsa.

"Madam, kai ne ka yi wannan? Baba Job, matarka ya zama injiniya fa." Ya yi dariya, ya ɗauki robar ya kai bayan gida don kada kaji su faɗa.

Suka kwantar da kujerar gaba suka zaunar da shi, suka naɗe keken a but ɗin mota tare da buhun shinkafa da maganin Mama. Matta ta sa makulli, ta koma rufe ƙofar ɗaki. Job ya miƙa hagunsa, ya tsallaka jikinsa da ya mutu, ya zare makullin ya dunƙule a hannu.

Ta dawo ta nema, ta ga inda yake.

"Ba ni mana."

Ya ƙara matsewa. In sun kwana a nan, wani zai zo, wani zai leƙa, a gane. Gobe ma rana ce, in Mama ta kai goben.

"Baban Treasure, rana tana yi." Ta tsaya tana kallonsa, fuskarta ta canja a hankali. "Kunya kake ji a gan ka haka a ƙauye? Mahaifiyarka ce fa." Ya girgiza kai. Muryarta ta sauka. "To ni ce ba ka yarda da ni ba. Don na taɓa maka mota."

Bai taɓa jin abu ya soke shi kamar wannan ba. Ya girgiza kai, hawaye suka zubo, ita kuma ta ɗauki hawayen a matsayin amsa. Tunji ya sunkuyar da kai ya fita buɗe get. Matta ta kama hannun nasa ta fara buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda aka koya mata a asibiti ta riƙa yi wa mataccen hannun kowace safiya. Ba ta yi masa da ƙarfi ba. Hannun hagu ne na mutumin da ya daɗe a kwance, bai yi wata gardama ba.

Mota ta tashi, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Tunji ya ce sabon mai ne, haka yake yi, zai washe a hanya.

Suka wuce Yelwa, gidaje suka fara ƙarewa, gonakin dawa suka karɓa. Matta ta kafa ido a titi, can ta fara rera waƙar coci a ciki-ciki, irin wadda take yi in ranta ya ɓaci. Job ya rufe ido yana saurare. Ya san motar nan kamar yadda ya san tarin matarsa. Ya yi addu'a, shi da bai cika yi ba, ya ce ko ɗan man da ya manne a jikin haƙoran giya ya kai su, ko zuwa Tafawa Ɓalewa ne, inda yake da mutane.

Kukan akwatin giya ya fara siriri, kamar sauro a kunne. Matta ba ta ji ba. Ya yi kauri. Wari ya shigo ta ƙasan kujera, na ƙarfe mai cin ƙarfe. Duwatsun Dass sun fito sosai a gabansu lokacin da ta zo canja giya a wani hawa, sandar ta ƙi motsi. Ta taka kuloci ta ja da hannu biyu. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsu kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe, Fijo ta yi tsalle ta shaƙe. Da ƙyar Matta ta gangarar da ita gefen titi.

Shiru. Ba gida, ba rumfa, sai dawa da rana. Wata motar haya ta wuce a guje, cike maƙil.

Ta fita ta buɗe bonet, ta tsaya tana kallon inji, hannunta a ka. Ta zaro ƙarfen awo ta duba, mai na nan har ya yi yawa. Ta durƙusa ta leƙa ƙasa, notin da ta ɗaure na nan daram, ko ɗigo ba ya yi. Ta zagayo ta buɗe ƙofarsa, ta tsuguna a kan tsakuwa, ta riƙe gwiwarsa. Fushin ya tafi, tsoro ne kawai a fuskarta.

"Na yi komai yadda kake yi. Wallahi ban tsallake ko ɗaya ba. A kan tabon na sa robar, daidai inda kake sawa." Ta girgiza gwiwar. "Baban Treasure, kai ka san motar nan. Mene ne? Ka faɗa mini abin da zan yi."

Ya sani. Ya san abin da ya ƙone, ya san sunan kowane ƙarfe a ciki, ya san ba mai tada ta yau ko gobe. Ya buɗe baki.

Wayarta ta fara ƙara a kan kujerar direba. Daga inda yake kwance yana ganin sunan Dorothy a fuskar wayar. Matta ta kalli wayar, ta kalle shi, ba ta tashi ba. Ta ɗauki gefen zaninta ta goge masa baki, tana jira ya yi magana.