Sabon Babur, Tsohon Hannu

Shekara ashirin da biyu Malam Abdurrahim ya yi yana hawan babur ɗaya. Ya saye shi tun gemunsa na baƙi, lokacin da ya fara sarin albasa da tattasai a lambunan Unguwar Gai yana kaiwa kasuwar Kibiya, wani lokacin har Rano. Babur ɗin ya tsufa tare da shi. Fenti ya koɗe, kujera ta sha ɗinki, ƙarfin injin kuma ya riƙa zarewa kaɗan-kaɗan har mai shi bai lura ba. Abin da ya sani kawai shi ne, in ya tsallake rafi ya zo hawan da ke gabansa, sai ya sa giya ta ɗaya ya murɗe totur har ƙarshe, babur ya yi ta kuka yana jan jiki har su kai tudu.

Yayarsa Jumai ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu ta haura sittin, mijinta ya rasu, tana zaune a gidan ƙanen nata tana sana'ar daddawa. Da, ɗan acaɓa ke kai ta kasuwa. A shekarar da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, duk da dokar ba ta matsa a ƙauye kamar birni ba, Jumai ta ce ita ba za a tsayar da ita a hanya da furfurarta ana yi mata wa'azi ba. Daga nan ɗaukarta ta koma wuyan Malam Abdurrahim. Duk ranar kasuwa in sun iso rafi, sai ta sauka ta ɗora kwandonta a ka, ta haura da ƙafa, sau da yawa ma ta riga shi kaiwa sama.

Bayan kakar wannan shekarar, ɗansa Nasir, wanda ke tuƙa motar haya tsakanin Kibiya da Kano, ya kawo masa sabon babur ja, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. Tsohon babur ɗin kuma ya ɗora shi a mota ya kai wa Lukman bakanike a Rano.

"Baba, sai an bi shi a hankali," in ji Nasir. "Na yanzu suna da zafi."

Malam Abdurrahim ya sunkuya ya duba lambar da ke jikin murfin gefe. Ɗari da ashirin da biyar, daidai da ta tsohon.

"Ai ɗan'uwan wancan ne," ya ce. "Tun kana goye nake hawan babur. Allah ya yi maka albarka."

Kwana uku ya yi yana zagayawa da shi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya ji daɗinsa ƙwarai. Ranar kasuwa da hantsi ya ɗauki Jumai, kwandon daddawa a cinyarta. Da suka iso rafi ta yunƙura za ta sauka kamar yadda ta saba.

"Zauna abinki, Yaya. Yau ba sauka."

"Audu, ka bar ni in taka. Ƙafata ta saba."

"Haba Yaya, to mene ne amfanin sabon?"

Ta gyara zama. Suka ratsa yashin rafi lafiya. Da tayar gaba ta taɓa gindin hawan, hannun Malam Abdurrahim ya yi abin da ya shafe shekara da shekaru yana yi, ya murɗe totur har ƙarshe. Babur ya zabura, gabansa ya ɗaga sama. Ya ji nauyin da ke bayansa ya ɓace kafin ya ji ƙarar faɗuwarta. Shi ya faɗi gefe cikin ciyawa, gwiwa kawai ya kuje. Ita kuwa ta baya ta faɗi a kan dutse. Da ya rarrafo wurinta ba ta yi ihu ba, sai salati take yi a hankali, daddawa ta watse a kan hanya.

Ƙashin ƙugunta ne ya karye. Maɗori ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Nasir ya kai ta asibiti a Kano a motarsa, ta yi wata biyu a can. Da aka dawo da ita, mutum biyu ne suka ɗauko ta zuwa ɗaki.

Duk wanda ya zo jaje, magana ɗaya Malam Abdurrahim ke faɗa masa: totur ne ya maƙale. Ba ƙarya ya shirya ba. Ya yi ta juya abin a ransa, bai ga inda ya yi wani abu daban da na kullum ba, saboda haka dole laifin na babur ne. Mutane suka ɗauka, suna cewa kayan yanzu sai ƙyalli. Maganar ta zagaya tasha, ta isa kunnen Nasir. Tun daga nan yaron ya rage shigowa gida. In ya zo, sai ya durƙusa a bakin ƙofar Jumai ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya ajiye magani, ya fita ko ruwa bai sha ba. Uwarsa Hadiza ta gaya wa mijinta cewa Nasir ya ce shi ya sayo abin da ya karya gwaggonsa.

Malam Abdurrahim ya so a tabbatar da aibin babur ɗin, ko a mayar wa masu shi. Ya sa aka ɗora shi a a-kori-kura, ya bi shi har garejin Lukman a Rano. Lukman ya kwance wayar totur ya duba, ya buɗe kabureta, ya mayar, ya hau ya zagaya ya dawo. Sai ya goge hannunsa, ya jawo wa Malam benci.

"Baba Malam, ba abin da ya sami babur ɗin nan."

"Ni da na hau shi nake gaya maka. Tashi ya yi da ni."

"Yaya kuka murɗa shi a hawan?"

"Yadda nake murɗa wancan. Ai girmansu ɗaya, ga lamba nan a jiki."

Lukman ya ɗora yatsa a kan lambar.

"Wannan lambar faɗin cikin inji take nunawa, ba ƙarfinsa ba. Ƙarfi da doki ake auna shi. Irin naku na da, ranar da ya fito daga kamfani, wajen doki takwas ne. Na buɗe shi da Nasir ya kawo, ringi ya cinye, fistin yana rawa. In ya kai doki biyar to ya yi ƙoƙari. Wannan kuwa sha ɗaya ne, kuma bai kai wancan nauyi ba. Abin da kuke ba wancan don ya rarrafa, shi wannan rabinsa ma ya ishe shi ya tashi sama."

Tsohon babur ɗin na jingine a bayan gareji, an cire masa taya ɗaya. Malam Abdurrahim ya daɗe yana kallonsa. Ashe duk shekarun nan da yake ganin ya iya hawan rafi, raunin injin ne ke rufa masa asiri. Ya tuna Nasir ya faɗa masa tun ranar farko, ya tuna amsar da ya ba shi. Ya tuna Jumai ma ta nemi sauka.

"Ba za a iya rage masa ƙarfin ba?" ya tambaya.

"Ana iya ɗaure totur ɗin kaɗan. Amma gara hannu ya koya."

Bai koma gida kai tsaye ba. Ya sauka a tashar Kibiya ya zauna a inuwa har la'asar, sai ga motar Nasir ta shigo. Direbobi da 'yan kamasho na tsaye a wurin, waɗanda suka ji maganar totur daga bakinsa. A gabansu ya kira ɗansa.

"Na kai babur wurin Lukman. Lafiyarsa ƙalau. Ni na murɗe shi, kuma ka gargaɗe ni ban ji ba. Na ɗora maka abin da ba naka ba. Ka yafe mini."

Nasir ya durƙusa a wurin, ya rufe fuska da hularsa. Wani dattijo a tashar ya ce Allah ya kyauta gaba.

Gaya wa Jumai ya fi masa wuya. Ya same ta a kan tabarma, an jingina ta da matashi, tana tsince kalwa a faifai. Ya zauna a bakin ƙofa ya faɗa mata duk yadda suka yi da Lukman, har lissafin dawakan.

"Na sani, Audu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ina bayanka, na ga gwiwar hannunka ta sauka."

"Kika yi shiru, Yaya?"

"Ina jira ka gano da kanka. Da ni na faɗa, da ka ce zafin ciwo ne." Ta hure ƙaiƙayin da ke faifan. "Yaron nan fa?"

"Na same shi a tasha."

"To shi ke nan. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru. Amma tukwanena ba za su zauna ba. Hadiza ta ce za ta riƙa yi mini dakan. Sai a sami mai kaiwa."

Sati biyu Malam Abdurrahim ya yi yana zuwa wata gona da aka girbe a bayan gari, da rana tsaka, yana koyon tayar da babur da tsayar da shi kamar wanda bai taɓa hawa ba. Masu wucewa suka riƙa kawar da kai don kada su kunyata shi. Jumai ta samu ta miƙe da sanda kafin damina, tana kaiwa tsakar gida ta dawo. Kasuwa kam ba ta sake zuwa ba. Shi yake kai daddawar ya miƙa wa Dije, maƙwabciyar rumfarta, in ya dawo ya zauna ya ba ta labarin waɗanda suka tambaye ta, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana gyara masa sunayensu.