Rajistar Baffa Dalhatu

"Ba zan kunna ba, Yallaɓai."

Ramlat ta ci gaba da naɗe wayar na'urar ɗaukar yatsa, wadda ita kaɗai ke da lambar buɗe ta. Yau ce ranar ƙarshe ta rajistar inshorar lafiyar tsofaffi a Kibiya, kuma an rufe tun la'asar. Wanda ya makara, sai baɗi.

Shugabanta, Malam Habu, ya nuna tsohon da ke dogare da ƙofa, ƙafarsa ɗaure da tsumma saboda gyambon ciwon suga.

"Baffanki ne fa."

"Na fi ka saninsa."

Bara, da aka fara buɗe rajistar, har ƙauyensu Durba ta je da mai babur don ta ɗauko mahaifiyarta, Hansatu. Baffa Dalhatu, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar mahaifinta, ya tare zaure. Ya ce mai lafiya ba ya yankar katin asibiti, kiran cuta ne, kuma bokon yarinya ba zai juya masa gida ba. Da damina hawan jini ya kayar da Hansatu. Maganin da katin zai ba ta kyauta, rabi-rabi suka riƙa sayensa a Rano har ta cika.

"Ramlatu, 'yata," in ji tsohon, "ƙafar ce ta hana ni sammako."

"Ai ba ka kira cutar ba, Baffa. Ga shi ta zo da kanta."

Malam Habu ya ɗaure fuska. "Ko ki kunna, ko ki ajiye min makullin ofis."

Ta ajiye masa a kan tebur, ta gyara mayafinta, ta fita.

A gindin darbejiya ta tarar da Inna Saude, matar Baffa, wadda lokacin jinya ta yi ta juya Hansatu a shimfiɗa tana wanke mata zani. Yanar ido ta fara rufe wa Inna Saude gani.

"Ramlatu ce? Tun watan jiya nake cewa ya kawo ni, ya ce sai dai mu zo tare. An ɗauke mu?"

Ramlat ta durƙusa. In ta buɗe wa Inna, ta buɗe wa Baffa.

"An rufe, Inna."

A ranar ta rasa aikinta. Inna Saude kuwa, kafin a sake buɗe rajista, idonta na dama ya mutu.